Yajin Inna a Jakar Dama

Har yau idan na ga matashi ya ɗaura wa babur ɗinsa akwatin baya mai ƙyalli, ya danna masa kaya har murfi ya ƙi rufuwa, gefe da gefe kuwa babu ko tsinke, sai bakina ya yi ƙaiƙayi. 'Ya'yana sun hana ni tare mutane a titi, sun ce wata rana sai an zage ni. To, a zage ni ɗin. Na je Agadas a kan babur, na je Maiduguri, Sakkwato kuwa ban san iyaka ba, kuma duk abin da na sani game da lodi a tafiya ɗaya na fara koyonsa, wadda ko rabin waɗannan nisa ba ta kai ba.

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki ce, ana ta zaɓe Asabar bayan Asabar a tsakiyar damina. Ina koyarwa a wata firamare, ina zaune a gidanmu na Mandawari tare da Inna, mahaifiyarmu, wadda ciwon ƙafa ya riga ya zaunar. Mahaifinmu ya rasu. Autarmu tana aure a wani gari gaba da Daura, dab da iyaka, a gidan wani mai fataucin fata. Mutanen kirki ne, nisa ne kawai aibinsu. Cikinta na fari ne, an shirya za a je a ɗauko ta ta haihu a gaban Inna kamar yadda aka saba, sai haihuwar ta riga kowa shiri. Wani direba ya tsaya a ƙofar gida ya ce a gaya wa Inna an sauka lafiya, an sami mace, suna ranar Asabar. Ranar zaɓe ke nan, ranar da ba a sa ran ganin abin hawa a hanya.

Inna ta yi hamdala. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san abin da ke ranta. Mai jegon fari, idan ba ta zo gida ba, to gida ne zai je gare ta: yaji, man shanu, kanwa, daddawa, zannuwa, majanyi, da alkakin 'yan barka. A gaban matan gidan miji ake buɗe su ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallo. Yarinyar da aka yi sunan 'yarta ba a ga ko ƙullin yaji daga gidansu ba, babu mai zaginta, amma har ta tsufa a garin za a riƙa tunawa cewa ba ta da kowa. Autarmu kuwa tana da mu.

Kai wa mai jego irin waɗannan kaya aikin mata ne. Gwaggonninmu suka yi shiri, ni kuma na yi ta zarya a tasha. Duk wata mota mai lafiya 'yan siyasa sun ɗauke ta shata. 'Yan tsirarun da suka rage iyakarsu Daura, direbobi suka ce daga can ruwa ya cinye hanya, sai dai jaki. Na dawo na durƙusa gaban Inna na ce ni zan kai.

"Kai? Namiji da kayan jego? A kan wannan abin naka mai ƙarar tsiya?"

"Inna, ko dai ni, ko kuwa babu."

Ta dube ni, ta dubi ƙafarta da ta kumbura, ta ce a kira mata masu daka.

Turame suka tashi a tsakar gida, barkono da citta suna sa maƙwabta tari, ni kuma na shiga neman mazubi. Babur ɗina kariya kawai gare shi a baya, inda nake ɗaure littattafan yara da roba. A Sabon Gari akwai wani kanti mai sayar da akwatin baya na ƙasar waje, fari sol, da ɗan makullinsa da jan gilashi. Na daɗe ina wucewa ta wurin ina haɗiyar yawu. Amma Inna ta ce duk abin da kwallarta ba ta shiga ba, ba mazubi ba ne. Haka na ratsa kasuwa, malamin makaranta guda da hularsa zanna, rungume da kwalla kamar mai tallan tuwo. Kwalla ta ƙi shiga. Na danna murfin akwatin da babban yatsa, ya lotsa. Na tambayi mai kantin idan ya tsage a daji wa zai ɗinke min, ya ce ai ba ya tsagewa. Mutumin da bai taɓa wuce bakin kantinsa da shi ba ne yake gaya min haka. Na ɗauki kwallata na fito.

A Jakara na sami abin da nake so, wurin masu ƙera akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana. Na sa aka auna gindin kwalla, aka auna kariya, aka ƙera min wanda bai zarce ta ta baya ba, don kaya idan suka yi rinjaye bayan taya su ke tuƙa mutum. Aka huda shi aka ɗaure da noti, na yanko robar tsohuwar taya na sa a ƙarƙashi don kada ya yi ta ƙwaranƙwatsa. Maƙerin ya shafa masa baƙin fenti, ya ƙara jar fulawa a murfi wadda ban tambaye shi ba. Abokan aikina suka sa min suna mai burodi. Ban kula su ba, don babbar kwalla ta shiga, ƙarama ta zauna a gefenta, murfi ya rufu.

Jakunkunan gefe kuwa Baffa ne ya ɗinka, ƙanen mahaifinmu, baduku ne tun kaka da kakanni. Da ɗinka wa fatake mangalar jakuna ya girma. Bai taɓa hawa babur ba, bai kuma ga dalilin da zai sa ya hau ba. Ya zo zaurenmu ya zagaya nawa, ya bubbuga kujerar da tafin hannu.

"Ai jaki ne wannan, ɗana, dusa ce kawai ba ya ci."

Ya yanko ƙirgi mai kauri ya fitar da jaka biyu, ya haɗa su da faffaɗan maɗauri da zai ratsa ƙarƙashin kujera. Na ce ko za a rage musu zurfi, ya harare ni. Ya ce dole tsawonsu ya zama ɗaya, nauyinsu ɗaya, in ba haka ba kafin azahar dabba ta yi miki a gadon baya. Da ya gama, wallahi sai ka so ka rataye su a ɗaki don ado. Muka gwada su a zaure, suka zauna daram, tsakanin ta dama da salansa akwai tazara har hannu na wucewa.

A lungunmu ba a tayar da babur. Akwai zauren malam ana karatu, akwai tsofaffi a dakali, sai ka tura abinka har bakin titi sannan ka buga. Saboda haka Baffa bai taɓa ganin salansa da zafinta ba, Inna ma haka, ni kuma da na sani hankalina yana kan kyan ɗinki. Jakunkunan kuma babu komai a cikinsu muka gwada.

Wajen shirya kaya muka yi rigima da Inna. Ita a wurinta akwati mai kwaɗo shi ne wurin mutunci, saboda haka yaji da man shanu da kanwa duk can za su. Na yi mata bayani ta ƙi ji, sai na bi umarninta, na loda, na sa aka riƙo ta har zaure. Ina sauke babur daga jak sai goshinsa ya ɗaga sama, da ƙyar na danne shi. Ta yi salati.

"To, yi yadda ka sani. Amma in alkakina ya farfashe, kada ka dawo min gida."

Mai nauyi ya koma ƙasa, marar nauyi ya hau sama. Alkaki ya shiga ƙaramar kwalla, zannuwa da majanyi da kayan jaririya suka cika babbar, na cusa tsumma a kowace kafa don kada komai ya yi motsi. Saura rabon gefe da gefe. Na ɗauki buhun yajin, wanda aka ɗinka da farin alawayyo, zan sa a jakar da ta fi kusa da ni, Inna ta buge min hannu.

"Abin da za a ci ba ya shiga hagu. Kai ba ka da tarbiyya ne?"

Yaji ya kwanta a gindin jakar dama, kanwa a kansa, kwalaben man shanu da daddawa a sama. Hagu ta ɗauki sabulun salo da takalma da sifanu da famfo da galan ɗin fetur na guzuri. Baffa ya ɗaga su, ɗaya a kowane hannu, ya lumshe ido, ya ce a ƙara wa dama ɓarin kanwa. Aka ƙara. Da muka zo fita ranar Juma'a da sassafe sai lungu ya ƙi mu, jakunkunan suna gogar bango hagu da dama. Dole aka sauke su aka kai bakin titi a ka, rabin unguwa na biye. Inna ta aiko da gargaɗin ƙarshe: kada in kuskura in shiga gidan mutane da kaya a jaka kamar dillali. In tsaya a bakin gari in jera su a kwalla, in rufe da faifai, in nemi mata su ɗauka.

Na fita ta Ƙofar Dawanau gari yana lumshe da hadari. Babur ya zauna a titi kamar an dasa shi, ko kwana na shiga ba ya gardama. Manyan motocin 'yan siyasa suna ta wuce ni, cike da matasa da ganguna, kowa yana ɗaga min hannu da alamar jam'iyyarsa, ni kuwa ina ɗaga wa kowa tasa don a zauna lafiya. Na ji daɗin kaina ƙwarai a wannan safiya. Har waƙa na yi.

Bayan na wuce Kazaure na fara jin ƙamshi, irin na mai tsire idan ya barbaɗa yaji a kan wuta. Na ce mutanen ƙauyen nan da wuri suke hura wuta. Na wuce ƙauyen, ƙamshi bai wuce ba. Sai atishawa ta kama ni, ɗaya na bin ɗaya, idona ya kawo ruwa. Na waiwaya. Hayaƙi ne ke tashi daga jakar dama, a bayana kuma ga jan zare siriri kwance a kan kwalta har iyakar ganina.

Na tsaya na fizge jakar. Nauyi ya ja ta ƙasa ta kwanta a kan salansa, fata ta ƙone ta huje, alawayyon ya cinye ta kusurwa, yajin Inna yana ta tsiyaya tun ban san ina ba. Na ɗaga buhun na ji ya yi sakayau, wajen rabi ya tafi. Na zauna a bakin hanya na yi ta faɗa ni kaɗai. Na yi wa Baffa da jakinsa, na yi wa Inna da damanta, na yi wa 'yan siyasar da suka kwashe motoci, har da wata akuya da ta tsaya tana kallona. Raina ya ɓaci matuƙa, don na ga matan nan da suka yi ta daka har hannuwansu suka yi kanta, na kuma ga autarmu. Sai da na huce na tuna abin da ke cikin jakar hagu. Da na bi son raina wajen rabon kaya, galan ɗin fetur ne zai kwanta a kan salansar nan. Na tashi na yi alwala da ruwan gora na yi nafila a gindin wata tsamiya.

Baffa ba ya sallamar jaka sai ya soke basilla da ragowar tsirkiyar fata a cikin leɓenta, haka ya gada. Na laluba na same su. A gidanmu ni ne wanda aka ce boko ya ɓata wa hannu, amma wanda ya tashi yana riƙe wa baduku bakin fata ba ya rasa komai. Na yanke inda ya ƙone, na naɗe gindin jakar sama da kusan tafin hannu, na ɗinke shi ninki biyu. Ɗinkin ya fito a karkace, amma na ja da ƙarfina bai motsa ba. Na ƙulle buhun yaji na mayar da shi can sama, na tsaga wani busasshen reshe na ɗaura tsakanin jaka da ƙarfe, na raba kanwar biyu na kai rabi hagu, na ce Inna ta yafe ni. Jaka ɗaya doguwa, ɗaya gajera. Da Baffa ya gani da zazzaɓi ya kama shi, amma tun daga ranar duk jakar da na sa aka ɗinka min, ta ɓangaren salansa ta fi gajarta, kuma a loda nake gwada ta, inji da zafinsa.

A Daura na yi sallar Juma'a. Da na fito sai ga mata a bakin kasuwa da tarin yaji ja wur a faranti. Na tsaya na daɗe. Mudu biyu kawai zan saya in gauraya, buhu ya koma yadda yake, babu wanda zai sani. Na ɗanɗana na wata, gishiri ne da barkono, sai ɗan ƙuli. Na Inna kuwa akwai kimba da masoro da kanumfari da wasu abubuwan da ko gwaggonninmu ba ta gaya wa ba, kuma saboda jikin mai jego ta haɗa shi. Matan gidan ba za su gane ba, amma wadda aka yi dominta lakuta ɗaya za ta yi ta sani. Na yi wa mai yajin godiya na hau babur ɗina.

Daga nan kwalta ta ƙare. Yashi, taɓo, sai kuma yayyafi. A nan na ƙara gode wa Allah da nauyin yana ƙasa, don sau da yawa taya ta zame, ina sa ƙafa babur ya dawo hanya. Akwatin mai burodi ko ɗigon ruwa bai sha ba. Na iske rafin da direbobi ke faɗa ya kawo har gwiwa. Na kwance maɗauri ɗaya, jakunkunan biyu suka taso tare, na saɓa su a wuya na haye, na dawo wasu manoma suka kama min babur muka ɗaga shi. Ɗayansu ya yi ta atishawa yana tambaya ko barkono nake fatauci.

Bayan la'asar na isa bakin garin. Wata tsohuwa tana suyar ƙosai a gindin bedi, na gaishe ta na gaya mata abin da ke tafe da ni. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, taɓo har cinya, riga ta yi ja da yaji, ta yi dariya har ta saki matsami.

"Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Kanawa sun aiko gwaggo mai gemu!"

Amma ta sauke kaskonta ta shimfiɗa min tabarma, ta aika aka kira maƙwabtanta. Na buɗe akwati, alkaki ko ɗaya bai fashe ba. Na fitar da zannuwan na juye yaji a babbar kwalla kamar yadda Inna ta tsara, sai ya kwanta can ƙasa, abin tausayi. Na mayar da shi buhu. Na kwashe alkakin na jera shi a babbar, na baza shi ya yi kyau, na juye yajin a ƙaramar. Ya cika ta har ya yi tozo, faifai ma da ƙyar ya zauna. Tsohuwar ta gyaɗa kai ta ce ashe gemun bai hana ni hankali ba. Ta yafa mayafinta ta shige gaba, mata na biye da kaya a ka, ni kuma ina can baya ina tura babur.

A ƙofar gidan ta rangaɗa guɗa. Na zauna a zaure tare da mijin autarmu, wanda ya riƙe hannuna yana ta yi min sannu. Daga ciki ina jin ana buɗe kaya, tsohuwar tana faɗar sunan kowanne da ƙarfi kamar ita ta daka, mata suna amsawa da madalla. Na ji wata ta ce, "Kai, yaji har da tozo!" Ban taɓa jin girman kaina kamar na wannan lokaci ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Can sai surukar autarmu ta leƙo bakin zaure, dattijuwa mai sanyin murya.

"Sannu da hanya, ɗan nan. Yarinyar nan tun ranar da ta sauka, duk wanda ya shigo barka sai ta ce masa mutanen gidansu suna hanya. Da muka ga yadda ruwa ya yi, na ce mata ta kwantar da hankalinta, mu ma iyayenta ne. Ta ce a'a, suna hanya. Shigo ka gan ta."

Na same ta zaune a bakin gado, ta rame, ta ja mayafi har goshi, jaririya a cinyarta. An ajiye mata ƙaramar kwallar a gabanta. Ta sa yatsa ta lakuta ta kai baki.

"Na Inna ne," ta ce. "Amma me ya sa yake ƙauri?"

"Labarin da tsawo. Ke dai gaya min, wa ya ce miki muna hanya?"

"Ba kowa, Yaya. Ban ma san ko saƙon ya isa gida ba. Faɗa kawai nake yi, don in na yi shiru kuka zai zo."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta ɗago jaririyar za ta miƙo min, sai ta dubi hannuwana ta fasa.

"Je ka wanke hannu tukuna, duk barkono ne."